Tambayar Da Inna Ta Yi Ran Da Faransa Ta Fasa Bom A Sahara

Akwai wani dattijo a wani gari na Arewa wanda har yau, ko da yake ya haura shekara 80, ba ya shiga gida bayan sallar asuba sai ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗebi ƙasa da yatsu uku ya sake ta, ya ga inda ta nufa. Sa'an nan ya ɗaga kai ya nemi wani siririn girgije can ƙololuwa, ya zuba masa ido har sai ya gane inda shi kuma ya dosa. Yaran unguwa sun ɗauka wani asiri ne na malanta. Alhali kuwa ragowar sana'a ce, domin ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin awon yanayi a filayen jiragen sama, kuma ragowar wata amsa ce da ya ba mahaifiyarsa a shekarar 1960, wadda ta tsaya masa a rai har tsufa.

Ran Asabar 13 ga watan Fabrairu na wannan shekara, da misalin ƙarfe 7 na safe, saura kimanin mako biyu a kama azumi, Faransa ta fasa bom ɗinta na atam na farko a kusa da garin Reggan, cikin hamadar Aljeriya, wadda a lokacin tana ƙarƙashin mulkinta. An ɗora shi bisa wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100. Ƙarfinsa ya kai na ton 70,000 na nakiya, watau ya ninka wanda aka jefa wa Hiroshima wajen sau huɗu. Tsakanin wurin da Kano akwai fiye da mil 1,100, amma tun watanni kafin ranar hankalin mutane ya riga ya tashi daga Legas har Akra. A watan Disamba na 1959 ma wata ƙungiyar masu ƙin jinin gwajin, cikinsu har da Michael Scott da Bayard Rustin, ta taso daga Gana da nufin ta je ta zauna a filin da za a fasa bom ɗin, sai hukumomin Faransa suka tare ta a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Abin da kowa ke tsoro ɗaya ne: lokacin hunturu ne, iska daga hamada take fitowa, kuma duk wanda ya share tsakar gida da safe ya san hamada takan aiko da saƙonta har cikin ɗaki. Ita kuwa Faransa tana ta ba da tabbacin cewa wurin babu kowa, kuma ba za a fasa ba sai masananta sun ga iska za ta kai tokar inda ba mutane.

Shi a lokacin yaro ne ɗan shekara 20, bai cika shekara da kama aiki ba. Aikinsa da asuba shi ne ya cika balan-balan da iskar haidirojin daidai awo, domin ya riƙa hawa da sauri ɗaya, ya sake shi, ya bi shi da madubin awo mai ƙafa uku. Kowane minti ya karanta lamba biyu ya rubuta, ɗaya ta tsayi ɗaya ta gefe. Daga waɗannan lambobi ake fitar da inda iska ta fito da saurinta a kowane hawa na sama, a mayar da su jerin alkaluma biyar-biyar, a buga ta wayar tangaraho zuwa babban ofis. A ranar da gari ya yi garau akan bi balan-balan har ya zama kamar ƙwayar gero. A cikin hunturu kuwa, minti kaɗan hazo ya haɗiye shi, sai a rubuta ya ɓace, a naɗe littafi. Saboda haka a watannin da aka fi bukatar sanin abin da ke gudana can sama, a nan ne ƙananan tashoshi irin tasu suka fi makancewa.

Da yammacin wannan Asabar, bayan labari ya bazu daga akwatin rediyo na ƙofar gidan mai unguwa, ya dawo gida ya tarar da mahaifiyarsa tana kwashe tuwo. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Kai, ɗan nan, kai da aka ce aikinka duban iska ne, wannan toka da Nasara suka tayar, za ta iso mu? In rufe randuna, in hana yara shan nono?”

Ya ce, “Inna, kwantar da hankalinki. Ba za ta zo nan ba.”

Ba da ka ya faɗa ba, yana da hujjarsa, kuma hujja ce da ya auna da hannunsa. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take zuwa, ta wajen Cadi da Bilma. Reggan kuwa yana arewa ne maso yamma. Duk abin da wannan iska ta ɗauka daga can, a lissafinsa, sai dai ta gangara da shi ta Tambutu ta zuba a teku. Ya zana mata wannan a ƙasa da tsinke, ta duba, ta ce to, Allah ya kyauta. Ta bar randunan yadda suke.

Kuskuren yana cikin kalma ɗaya, watau iska. Ya yi magana kamar iska guda ce, alhali sararin sama hawa-hawa ne kamar bene, kowane hawa da tasa iskar, kuma sau da yawa ta sama ba ta san inda ta ƙasa ta nufa ba. Hunturu ɗan hawan ƙasa ne, kaurinsa bai wuce ƙafa 'yan dubbai ba. Girgijen bom mai irin wannan ƙarfi kuwa yakan haura ƙafa 30,000, kuma a wannan tsayi, a watannin sanyi, akwai wata iska mai gudun gaske da ke ratsa Sahara daga yamma zuwa gabas, wadda matuƙan jiragen sama suka sani sarai. Kan girgijen yakan bi wannan, wuyansa ya bi wata, gindinsa ya bi ta ƙasa. Tokar kuma ba girmanta ɗaya ba. Mace mai shiƙa ta fi kowa sanin wannan: tsaba a gabanta take zuba, ƙaiƙayi ya yi gaba, ƙura kuwa ba a ma ganin inda ta sauka. Manyan ƙwayoyin toka sukan faɗo cikin sa'o'i kaɗan kusa da wurin, ƙanana su yi kwanaki, masu laushi ainun su yi makonni har watanni suna yawo. Kowace ƙwaya kuma a hanyarta ta saukowa sai ta ratsa dukan hawan benen, kowace iska ta tura ta nata gefen. To, abin da iskar sama ta kai gabas, idan ya sauko ya shigo hawan hunturu, ina zai nufa? Wannan ita ce tambayar da yaron bai yi wa kansa ba, domin balan-balansa bai taɓa nuna masa wancan hawa ba a wannan wata.

Akwai kuma hannun ƙasa a ciki tun daga farko. Wutar bom mai wannan ƙarfi ta fi tsawon hasumiyar faɗi, saboda haka ta lashi rairayi, ta narkar da shi, ta zuƙe shi sama ta shafa masa guba. Har yau akwai baƙin rairayi mai kama da fasasshen gilashi a filin. Bom da ya fashe can sama bai taɓa ƙasa ba tokarsa ba ta da nauyi a kusa. Wanda ya taɓa ƙasa, ƙasar ce kanta take zama makami. Amurka ta riga ta koyi wannan ran 1 ga watan Maris na 1954 a tsibirin Bikini, inda bom ya fita da ƙarfin ton miliyan 15, fiye da ninki biyu na abin da aka lissafa, ya niƙe duwatsun murjani, iskar sama kuma ta karkata gabas. Farar toka ta zubo wa mutanen tsibirin Rongelap, fiye da mil 100 daga wurin, yara suna wasa da ita, ba a kwashe su ba sai bayan kwana biyu. Ta zubo kuma wa masunta 23 'yan Japan a cikin jirginsu, ɗaya daga cikinsu ya rasu a watan Satumba. An yi wannan shekara shida kafin Reggan, saboda haka wanda ya ce a 1960 ya riƙe linzamin iska, ya san abin da yake faɗa ya fi ƙarfinsa.

Faransa ta sake fasawa a watan Afrilu, ta sake ran 27 ga Disamba. A wannan karo na uku Nijeriya ta riga ta sami mulkin kai, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ba ta tsaya ga takardar kuka ba. A farkon watan Janairu na 1961 ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, sa'a 48 ya bar Legas, ta hana jiragen ruwa da na sama na Faransa sauka a ƙasar, aka shekara wajen biyar ba hulɗar jakadanci. Yaron namu ya yi murna da wannan kamar kowa, amma a ransa yana ganin siyasa ce kawai, tun da shi ya auna iska ya ga ba ta nan ta biyo ba. A unguwarsu duk wanda ya yi tari a wannan rani sai a ce bom ne, shi kuwa ya yi ta dariya, don ya san tari da sanƙarau tun kaka da kakanni suke zuwa da bazara. A nan yana da gaskiya. Gaskiyar ce ma ta ƙara rufe masa ido.

Bayan gwaji huɗu a fili, Faransa ta koma huda duwatsun Hoggar tana fasawa a cikin rami, bisa zaton dutse zai riƙe kome. Ran 1 ga watan Mayu na 1962 dutsen Taurirt Tan Afella ya ƙi. Toshiyar ramin ta ɓalle, baƙin hayaƙi da narkakken dutse suka feso daga haƙarƙarin dutsen, iska ta kawo su kan masu kallo, cikinsu har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Su dai an wanke su an auna su, an kuma rubuta labarinsu. Abzinawan da ke kiwo a bayan dutsen, waɗanda tun farko aka lissafa su cikin “babu kowa,” su ne aka fi mantawa da su, tare da mutanen dausayin Tuwat da ke maƙwabtaka da Reggan. Gwaji 17 aka yi a Aljeriya kafin a tashi a 1966.

Shekaru suka wuce, yaro ya zama babba a wurin aiki, ya san abubuwan da bai sani ba. Ya san cewa in tashar Faya-Largeau ta Cadi ta bugo cewa ƙura ta tashi, to, a shirya, wajen kwana ɗaya hazo zai rufe Kano. Ya kuma san dalili. Tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi akwai wata kafa, iskar arewa maso gabas takan matsu a cikinta ta ƙara gudu kamar ruwa a kwazazzabo, ta faɗa kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Cadi, ta kwashi farar ƙurarsa. Da babu waɗannan duwatsu biyu da hunturun ƙasar Hausa ya zama wani abu dabam. Ya lura kuma da abin da kowa ke gani amma ba ya kula: da asubar sanyi hayaƙin murhu ba ya tashi, sai ya kwanta bisa gari kamar mayafi, ya gangara fadama, domin iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta. Duk abin da ke cikin iska a wannan sa'a, mutumin kwari ya fi na tudu shaƙarsa, ko da tsakaninsu bai fi kiran sallah ba.

Yana gab da barin aiki ne aka yi haɗarin Chernobyl, ran 26 ga Afrilu na 1986. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a labarin shi ne tumakin Ingila. Girgijen ya yi kusan mil 1,400, ya ratsa ƙasashe, ya bi ta kan filayen kudancin Ingila da ba a yi ruwa sosai ba bai bar abin kirki ba, sai a farkon Mayu ya gamu da ruwan sama mai ƙarfi bisa tuddan Wales da Cumbria da Scotland. Dutse yakan tilasta wa iska hawa, in ta hau ta yi sanyi ta zubar da ruwa, kamar yadda tudun Jos ya fi kewayensa samun damina. Ruwa kuwa tsintsiya ne, yakan share abin da ke sama ya tara a wuri ɗaya. Aka hana sayar da tumaki a gonaki kusan 10,000. Masana suka ce abin na makonni ne, domin lissafinsu ya ɗauka ƙasa za ta kama sinadarin siziyam ta riƙe, kamar yadda laka take yi. Ashe ƙasar tuddan ba laka ba ce, ruɓaɓɓen ganye ce mai tsami, sai ta riƙa mayar da gubar cikin ciyawa kowace shekara. Ba a ɗage dokar daga gona ta ƙarshe ba sai 2012. Tambayar Inna game da nono ma ashe tana kan hanya, domin sinadarin aidin mai guba, wanda rabinsa ke mutuwa cikin kwana 8, ta ciyawa yake shiga saniya, ta nono ya shiga maƙogwaron yaro.

Yau na'ura mai ƙwaƙwalwa ke yin wannan lissafi. Takan yanka sararin sama gurbi-gurbi kamar na dara, hawa bisa hawa, kowane gurbi a ba shi iskarsa da zafinsa da ruwansa da tsayin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, sa'an nan a saki dubban ƙwayoyin toka na ƙirƙira a bi kowace ɗaya daga gurbi zuwa gurbi. Ofishin yanayi na Ingila ya ƙera nasa mai suna NAME bayan Chernobyl, Amurka tana da HYSPLIT. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai a yawancin lissafin duniya baki ɗaya faɗin gurbi yakan kai wajen kilomita 9 ko fiye, watau Dala da Gwauron Dutse sai su faɗa gurbi ɗaya su baje su zama fili. Kuma na'ura ba ta ƙirƙiro iska, abin da aka auna aka ba ta shi take tauna. Tauraron ɗan adam ya toshe giɓi mai yawa, amma har yanzu Afirka tana cikin nahiyoyin da suka fi ƙarancin tashoshin awon yanayi in aka kwatanta da faɗinsu, hamada kuma ta fi ko'ina.

Ko inda tashoshi suka wadata ma akan yi ɓatan kai. A watan Maris na 2011, da tashar Fukushima ta lalace, hukumomin Japan suka zana da'ira, kilomita 3, sa'an nan 10, sa'an nan 20, suka ce a fita. Mutanen garin Namie da yawa suka gudu arewa maso yamma zuwa cikin tuddai. Ran 15 ga wata iska ta juya ta bi wannan hanya sak, ruwa da ƙanƙara suka sauko da abin da take ɗauke da shi a kansu da kan ƙauyen Iitate, wanda ke wajen da'irar ƙwarai. Japan tana da na'urar hasashe mai suna SPEEDI, ta kuma nuna inda iska ta nufa, amma da yake wutar da ta yanke ta hana a san yawan gubar da ke fita, ba a nuna wa jama'a sakamakonta ba sai ran 23 ga wata.

A watan Fabrairu na 2014 ne wani jikansa ya zo masa da waya a hannu, yana cewa, “Tsoho, ga wata taswira ta zamaninku.” Jaridar Le Parisien ce ta buga ta, bayan sojan Faransa sun cire mata hatimin asiri a 2013. Taswirar tafiyar ƙurar bom ɗin nan ne na 13 ga Fabrairu. Ya sa tabarau, ya ce a ƙara masa girmanta. Cikin kwana ɗaya ƙurar ta ratsa hamada ta kai Tamanrasset, ta kai Fort-Lamy, watau Njamena ta yau. A kwana na huɗu tana Bamako. A na goma sha uku ta taɓa gaɓar Sifen da tsibirin Sisili. Hukumomin Faransa sun tsaya a kan cewa abin da ya kai nesa kaɗan ne ainun, kuma gaskiya ne nauyin abin ya fi sauka a kan na kusa. Shi dai ba wannan ya duba ba. Ya ɗora yatsa a Njamena, ya ja shi yamma zuwa Bamako, ya tsaya a tsakiya. Garuruwan biyu da Kano kusan a layi ɗaya suke. Iskar sama ta kai ƙurar gabas, can bakin ƙofar da hunturu ke shigowa, ta ƙasa kuma ta juyo da ita. Shekara 54 ke nan da zanen da ya yi da tsinke, Inna kuwa ta daɗe da rasuwa.

Ƙurar ba ta gama ba mutane kunya ba. A 2021 wata ƙungiya a Faransa ta sami ɗan siziyam cikin jar ƙurar Sahara da ta sauka a tuddan Jura, aka yi ta cewa kayan Faransa ne suka dawo gida. Da masana suka bincika ƙurar da ta sauka Turai a watan Maris na 2022, sakamakon da aka buga a 2025 ya nuna gubar ba ta kai ta cutarwa ba, kuma tambarinta ya fi kama da na manyan gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet, waɗanda tokarsu ta hau can ƙololuwa ta zubo wa duniya duka. Da jikan ya karanta masa wannan sai ya yi dariya har da tari, ya ce ashe ba shi kaɗai ba ne ya taɓa duban iska ɗaya ya yanke hukunci.

Jikan ya ce, “To, Tsoho, da Inna za ta sake tambayarka yau, me za ka ce mata?”

Ya karkaɗe ƙasar da ke yatsunsa, ya dubi siririn girgijen da ke tafiya gabas alhali ƙurar ƙofar gida ta yi yamma, ya ce, “Sai in ce mata balan-balan ya ɓace mini a hazo, ta rufe randunan.”